Guzurin Yaranmu Masu Tafiya Jami'a

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka yi mini ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna da malaman zaure na ƙasar Batsari da ta Safana. Maganar kuwa ta daɗe tana ci mini rai, watau yadda mu ke sakin yaranmu da suka gama sakandare su tunkari jami'a, ba mai nuna musu hanya, ba mai tarbarsu a can.

Na yi shekaru ina riƙe da alli a wannan yanki kafin in ajiye aiki. Cikin yaran da suka bi ta hannuna akwai wani ɗan ƙauye daga bakin dajin Rugu, wanda ban taɓa ganin mai kaifin kai wajen lissafi kamarsa ba. Tun ban gama rubuta tambaya a allo ba ya kan ɗaga hannu. Burinsa ya zama injiniya. Da lokacin rajista ya yi, ubansa ya kai tumaki biyu kasuwa, ya damƙa masa kuɗin. Yaro ya hau mota ya tafi birni, ya shiga wani shago inda a ke cika wa mutane takardu da kwamfuta. Mai shago na sauri, ga layi har waje, sai ya zaɓa masa darussa huɗu yadda ya ga dama: Turanci da Lissafi da Kemistiri da Bayoloji. Babu Fiziks a ciki, alhali kuwa ba a karɓar mai neman injiniya sai da shi. Yaro ya zauna jarrabawa, ya ci maki mai kyau, ya dawo gida yana jiran kira. Damina ta wuce, kaka ta wuce, shiru. Ba wanda ya gaya masa dalili. Da shekara ta zagayo babu sauran tumakin sayarwa, yau ga shi can yana haya da babur.

Da fari na ɗora wa mai shago laifi. Daga baya da na zauna na yi tunani, sai na ga ashe rabin laifin nawa ne. Shekara uku yaron nan yana gabana, ban taɓa kiransa na ce, "Wane, me ka ke so ka karanta, kuma ka san abin da a ke bukata?" ba. Maganar da ba ta fi ta minti biyar ba.

Jama'a, ku tuna yadda kakanninmu su ke tafiya. In ayari zai tashi zuwa Gwanja neman goro, akwai madugu, akwai jagaba wanda ya san kowane zango da kowace rijiya, in an isa kuma akwai fatoma mai ba da masauki. In uba zai tura ɗansa gabas neman karatu, hannu da hannu ya ke miƙa shi ga malamin da ya sani. Ko da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ba sakin yara aka yi su nemo hanya da kansu ba, zaɓo su a ke yi daga larduna, a kawo su, a san inda za su kwana da abin da za su ci. Mu ne muka zo muka ga ƙarni mai yawan makarantu, sa'an nan muka yar da jagaba muka yar da fatoma.

Makarantun kuwa sun zo mana har ƙofar gida. A 1948 duk Nijeriya kwalejin jami'a ɗaya ce, tana Badun. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sai 1962. Yau a cikin jiharmu kaɗai ga Jami'ar Al-Qalam ta 2005, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa wadda aka kafa a 2006, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsinma ta 2011, wadda mutumin Safana zai iya karya kumallo a gidansa ya isa ƙofarta tun hantsi bai dubi ludayi ba. Kano da Zariya da Sakkwato ma ba nisa. Rijiya dai ta ba da ruwa, saura guga.

Ba na mance halin da ƙasar nan tamu ta shiga ba, kuma duk mai son ya yi wa yaranmu adalci sai ya sa shi a lissafi. A 2020 annoba ta rufe makarantu wata da watanni. Ba a gama farfaɗowa ba, ran 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sake rufe makarantun jiha. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka yi watanni haka. Ƙauyuka da yawa sun tashi, iyali sun watsu zuwa cikin garin Batsari da Dutsinma da birnin Katsina, malamai da dama sun nemi a sauya musu wurin aiki, ba kuwa mai ganin laifinsu. A 2025 an yi zaman sulhu a sassan nan, muna roƙon Allah ya zaunar da ƙasa lafiya. To, amma ku lissafa: yaron da ke ajin farko na sakandare a 2020 shi ne ya kai ajin ƙarshe a 2025 ko 2026. Tushen karatunsa a cikin gudun hijira aka aza shi. Mai shirya jarrabawa kuwa bai san da wannan ba, tambayar da ya yi wa ɗan Ikko ita zai yi wa ɗan Runka da ɗan Wagini. Saboda haka namu sun fi kowa bukatar a fara shirya su da wuri.

Da wuri ɗin nan fa ba aji shida na ke nufi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hanyar jami'a tun daga aji huɗu ta ke rabuwa, ranar da aka ce wa yara waɗannan su shiga ajin kimiyya, waɗancan ajin fasaha ko na kasuwanci. Sau da yawa yaro abokinsa ya ke bi, ko kuwa ya guji wani malami mai bulala, bai san ya zaɓi aikin da zai ci abinci da shi ba. Ya kamata a ranar a zaunar da su a karanta musu ƙa'ida. Mai son likita, a jarrabawar hukumar JAMB Turanci zai ɗauka da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son lauya ya riƙe Adabin Turanci da kyau, don jami'o'i da yawa ba su karɓa sai da shi. Bayan wannan a na bukatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ta WAEC ko ta NECO ko makamantansu, a zama ɗaya ko biyu, wasu fannoni ma kamar likitanci a kan nemi zama ɗaya tak. Turanci dole ne ga kowa. Lissafi kuwa, a Oktoba 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ce an sassauta sharaɗinsa ga masu neman fannonin fasaha, amma ni dai ba zan ba yaro shawarar ya sake shi ba, don kowace jami'a da nata tsarin. Duk waɗannan ƙa'idodi suna cikin kundin da hukumar ke fitarwa, ba ɓoye su aka yi ba. Karanta su ne ba mu yi.

Bari in ɗan ratse kaɗan. In ka shiga aji shida ka tambayi yara abin da su ke so, rabi likita, rabi lauya. Madalla da buri. Amma guraben nan ƙalilan ne, masu nema kuwa dubbai. Mu da mu ke zaune cikin ƙasar noma da kiwo, ga daji a bayan gidanmu, ina masu karatun aikin gona, da likitan dabbobi, da aikin gandun daji? Ina masu jinya da ungozoma, alhali matanmu na shan wuyar hanya in haihuwa ta zo da gardama? Ina malaman Fiziks da za su koyar da ƙannensu? Yaron da ya nace kan fanni ɗaya shekara uku yana faɗuwa, da an ba shi shawara da tuni ya kusa gama wani.

Akwai kuma wani rami wanda ba na jin akwai mai faɗa wa ciki kamar mu Hausawa, shi ne maganar suna. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma sunan da ke jikin lambar da ranar haihuwar da ke ciki su ne hukumar za ta ɗauka. To, ku dubi al'adarmu. Yaro an raɗa masa Muhammadu, gida na kiransa Sani, a firamare hedimasta ya rubuta shi da sunan garinsu, a sakandare ya koma amfani da sunan ubansa. Uban kuwa a wata takarda Abubakar ne, a wata Garba. Yarinya a nan A'ishatu, a can Indo. Mu duk mun san mutum ɗaya ne, amma na'ura ba ta san Garba shi ne Abubakar ba, mutum biyu ta ke gani. Ranar haihuwa kuwa sai abin da akawu ya ƙiyasta, shi ya sa rabin ƙauye aka haife su ran 1 ga Janairu. In sunan takardar WAEC ya saɓa wa na JAMB, a wurin tantancewa za a tsai da yaro, a ce ya je ya gyara. Gyaran nan kuwa kuɗi ne da zirga-zirga da rantsuwa a kotu, wani lokaci kafin a gama an rufe ƙofa. 'Yan'uwana akawuna, wannan aikinku ne. Tun yaro na aji huɗu a tara takardunsa duka a shimfiɗa kan tebur, ta haihuwa da ta firamare da ta ƙaramar sakandare da ta shaidar ɗan ƙasa, a ga suna ɗaya ne, harafi da harafi, jeri ɗaya. A duba shekaru kuma, don ƙa'idar shiga jami'a shekara 16 ce.

Haka nan lambar waya. Da layin da yaro ya fara rajista da shi hukumar za ta riƙa aiko masa saƙo har ya shiga jami'a. Kada ya yarda a yi masa da layin mai shago ko na wani abokin tafiya. Ya nemi nasa ko na gidansu, ya adana shi kamar laya, lambobin sirrinsa kuma ya rubuta su a littafi, kada ya bar su a hannun kowa.

Sai ita kanta jarrabawar. Hukumar JAMB tun 1978 ta ke, da takarda da fensir a ke yi, amma daga 2015 aka koma kwamfuta gaba ɗaya. Tambaya 180 ce, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, cikin awa biyu, maki kuma 400. Ku raba da kanku, za ku ga kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Yanzu ku ɗauko yaron da bai taɓa aza yatsa kan kwamfuta ba. Ya baro gida tun jiya don an tura shi wani gari, ya kwana a masallaci ko a shagon wani, ya tashi bai karya ba. An duba yatsunsa, an zaunar da shi gaban allon gilashi, agogo na gudu a kusurwa. Minti goma na farko a rawar jiki za su tafi. Abin haushi kuwa, aikin ba wuya gare shi ba: haruffan A da B da C da D su ne na amsa, N ta kai ka gaba, P ta komo da kai baya. Wanda ya yi sau biyar ya iya. Hukumar ma ta kan shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, ga wanda ya nuna yana so tun wurin rajista. Yaranmu da yawa ba su san da ita ba, waɗanda suka sani kuma su kan ƙi don kuɗin mota. Ni a ganina kuɗin motar nan ya fi kowane kuɗi amfani.

Amma kada mu ruɗi kanmu da cewa na'ura ce kaɗai matsala. A 2025 yara wajen miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar nan, a sakamakon farko fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Gaskiya ne a shekarar an sami tangarɗar na'ura a Ikko da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara aka sake wa yara kusan 380,000. Duk da haka babban ciwon namu shi ne karatun Turanci. Yaron da ke bin layi da yatsa yana haɗa baƙi ba zai gama tambaya cikin daƙiƙa 40 ba, ko da ya san amsa. Maganin wannan ba ya samuwa a darasin wata ɗaya. Sai karatu kullum, shafi biyu ko uku da babbar murya, malami na saurare yana gyara, kamar dai yadda malaman zaure ke yi wa mai biya allo. Su kam ba su taɓa sakin wannan hanya ba, mu 'yan boko ne muka sake ta. Wanda kuma aka saya wa amsa a jarrabawar gama sakandare, to, a nan ne asirinsa ke tonuwa, don ba mai miƙo masa takarda ta taga.

In sakamako ya fito, mutanenmu su kan ɗauka an gama, sai jiran kira. Nan ma wani zango ne. Makin da aka tsayar a 2025 a matsayin mafi ƙanƙanta na shiga jami'a 150 ne, amma wannan bakin ƙofa ne kawai, kowace jami'a da kowane fanni da nasa, na likita ya kan haura 200 nesa. Sai yaro ya sa ido ya ji ranar da jami'ar da ya zaɓa za ta yi tantancewarta, ya yi rajista. Sai ya tabbata an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a shafin hukumar. In ya ga makinsa bai kai na fanninsa ba, akwai damar sauya fanni ko makaranta. Tun 2017 kuma duk gurbin karatu ta wani shafi na hukumar mai suna CAPS ya ke fitowa, kuma sai yaro ya shiga da kansa ya danna ya karɓa. Na san waɗanda aka ba gurbi suna gona ba su sani ba, har wa'adi ya wuce. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi ta bayan gida, a guje shi, don gurbin da bai bi ta shafin nan ba zai ɗaure yaro ranar da ya gama ya zo tafiya bautar ƙasa. Ga kuma abin da ya kamata ya ƙarfafa mana gwiwa: a jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na gurabe na masu fifikon maki ne, 35 na 'yan yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilmi, Katsina kuwa tana cikinsu. Rabonmu na nan a ajiye, in ba mu je ba wasu za su cike shi.

Kuɗi fa? A Afrilu 2024 aka sa hannu kan dokar lamunin karatu, asusun NELFUND ya fara karɓar masu nema a watan Mayu. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, ya kuma fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata na abinci. Babu ruwa a kai, wannan ya kamata malamanmu su bayyana wa iyaye masu gudun riba, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa. Amma bashi bashi ne, a gaya wa yaro haka. Akwai kuma hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, wadda ke neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, sai a nemo ta tun kafin a bukace ta. Iyaye kuma su sani rajista a farkon shekara a ke yi, saboda haka tun a kaka a ware buhun da za a sayar.

Wanda bai samu ba a karo na farko kada ya zauna. Ga makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a Dutsinma, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Duk hanyoyi ne da ke ɓullewa jami'a daga baya.

To, ga yaro ya shiga. A nan ne fatoma ya ke da rana. A sakandare ƙararrawa ke tashe shi, malami ya rubuta a allo ya kwafa, in bai zo ba a aika gida. A jami'a ba mai nemansa. Malami zai shigo ɗaki mai ɗaruruwan mutane, ya yi magana da Turanci awa biyu, ya fita. Ba wanda ya koya wa namu yadda a ke tsintar magana a rubuta, ko yadda a ke neman littafi a laburare. Bai kuma san cewa makin shekarar farko yana bin mutum har ranar fita ba, don tarawa a ke yi a raba, wanda ya yi wasa da farko da ƙyar ya ke miƙewa. Ga kuɗin wata a aljihu karo na farko, ga abokai iri-iri, masu kira zuwa shaye-shaye da masu kira zuwa gardamar aƙida. Baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa biyu.

Maganar masauki ta fi tsanani ga 'yan mata. A Oktoba 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Dutsinma daga gidan hayarsu a cikin gari, labarin nan kuwa ya sa iyaye da yawa sun ce tasu ba ta zuwa ko'ina. Ban ga laifin uba mai tsoro ba. Amma maimakon a hana ta, a tashi a je a nemi ɗaki a cikin makaranta tun ranar da aka buɗe rajista, don da wuri su ke ƙarewa. In ba a samu ba, uba ko wa ya je da ƙafarsa ya ga gidan, ya san mai unguwa, ya damƙa ta ga wani gida na mutunci.

Ga abin da na ke roƙo. Kowace babbar sakandare ta ware malami ɗaya mai riƙe littafi, ya rubuta sunan kowane yaro tun daga aji huɗu, da abin da ya ke so ya karanta, da darussan da ya ɗauka, da halin takardunsa. A dogon hutu 'ya'yanmu da ke jami'a su ba da kwana uku, su zauna da ƙannensu a ajin firamare su gaya musu abin da suka gani, don bakinsu ya fi namu shiga kunnen yara. Ma'aikatanmu da ke zaune Katsina da Zariya da Kano, kowa ya karɓi yaro ɗaya ko biyu ya zama mai masaukinsu, ko da ba zai ciyar da su ba, su dai san ƙofar da za su buga. Limamai su riƙa sanar da buɗe rajista da rufe ta ran Juma'a, kamar yadda su ke sanar da allurar rigakafi. Ina kuma kai kuka ga iyayen ƙasa, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, Allah ya ja zamaninsu, da shugabannin ƙananan hukumomin biyu, a nemo ko kwamfuta goma goma da abin ba su wuta daga hasken rana, a ajiye inda yaran aji biyar da shida za su riƙa zuwa bi da bi.

Ni dai ɗana ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, na sa an zuba mini tambayoyin shekarun baya a ciki. Kowace Asabar bayan la'asar ina zaure, yara na zuwa da takardunsu muna dubawa, kowa kuma ya zauna gabanta minti ashirin. Yaron nan mai babur ma na aika masa, ya ce zai zo in an gama girbi. In akwai malami a Ruma ko Zakka ko wani gari da ya riga ya fara irin wannan, ina roƙonsa ya rubuto ta wannan shafi ya gaya mana yadda ya ke yi.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Tsohon Malamin Makaranta,
Ƙasar Safana.